Sarkin Dantse

Duk faɗin Anka, Gummi da Bukkuyum babu wanda ya san naman jikin ɗan Adam kamar Alhaji Mainasara. Mahauta sun san na shanu, shi kuwa Allah ya hore masa na mutane. Kwana biyu cur ya kwashe a Gusau yana karatun abin a wani otal mai sanyi, ya dawo da takardar shaida, da jaka, da ɗan tef na awo irin na tela. Tun daga ranar ma'aikatan asibitinmu suka naɗa shi Sarkin Dantse. A bayan idonsa aka fara, amma da labari ya kai masa sai ya sa aka rubuta a ƙofar ofishinsa.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ciwo ya kayar warwas, naman jikinsa narkewa yake yi yana kwance. To, sai a zagaya dantsensa da tef. In awo ya yi ƙasa, a ba shi madara ta musamman da ake ɗurawa ta bututun hanci. In ya yi sama, ya jira kunu daga gida. Madarar ba ta da yawa, kuma sa hannun Sarki kaɗai ke fitar da ita.

Kallon Sarki yana awo kuwa, wallahi sai ka ƙoshi. Zai naɗe hannun babbar riga, ya kawar da hanci gefe, ya kama tef da yatsu biyu, ya ɗora shi a kan rigar mara lafiya. Taɓa fatar talaka ai ba girmansa ba ne. Wata nas, Jannatu, ta taɓa cewa ko za a ɗage hannun rigar tukuna.

"Ke yarinya, wa ya je Gusau, ni ko ke? Tef ɗin nan daga Turai ya zo. Ta cikin shadda ma yana gani."

Da wannan basira ya gano abin da ya gagari likitocin duniya: mazan garin Zugu ba sa ramewa. Ko wata guda suka yi a kwance, dantsensu na hagu yana nan tamau. Sarki ya ce geron can ne, har ya fara rubuta maƙala.

Ana nan aka kawo Magaji, wani manomi daga Zugu, a kan babur, an tallafe shi a tsakiya. Ciwon huhu ya kwantar da shi, kwana goma sha biyu ko kunu ba ya iya haɗiyewa. Haƙarƙarinsa kana iya ƙirgawa daga bakin ƙofa. Sarki ya zo, ya ɗora tef, ya karanta da ƙarfi: santimita ashirin da takwas. Babu madara.

Matarsa Sahura ta durƙusa. "Rankai shi daɗe, mutumen ga ya ƙare. Da hannu guda nika juya shi. In ba a ba shi abin ga ba, mutuwa za shi yi."

"Baiwar Allah, ido ba ya awo. A kimiyyance mijinki ya fi ni ƙarfi."

Na rantse a wannan rana har ni sai da raina ya ɓaci.

Ranar Laraba ma'aikatar lafiya ta turo Likita Zayyanu ya duba aiki. Sarki ya sha sabuwar malum-malum, ya feshe ɗakin marasa lafiya da turarensa, ya ja baƙo kai tsaye zuwa gadon Magaji, don a nan hujjarsa take.

"Likita, ga zakaran bincikena. Kwana sha huɗu bai ci ba, amma dubi nan." Ya zagaya tef. "Ashirin da takwas! Ko gezau."

Likita ya dubi tef, ya dubi wuyan Magaji da ya zama kamar na tulu, ya buɗe baki zai yi magana. Sahura ta riga shi. Ta miƙe, ta ce wa mijinta, "Malam, ka gahwarce ni," ta ture hannun rigar har kafaɗa. Sai ga kambu uku na fata, manya, jere a dantse. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, namiji ba ya zuwa gona babu su, kuma Magaji ya hana a cire masa. Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya.

Likita ya karɓi tef ya auna da kansa. Goma sha bakwai. Nan take ya ce wa Jannatu a kawo bututu da madara, a kuma sake auna duk wanda ke ɗakin. Jannatu ta fita da gudu tana toshe baki kada dariya ta ƙwace mata.

Kuna tsammani Sarki ya ji kunya? Haba! Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Allahu akbar! Likita, kai shaida ne. Santimita goma sha ɗaya cikin minti ɗaya. Wannan ramar gaggawa ce, kuma ni na fara gano ta."

Sahura ta tattara kambun, ta ɗora masa a tafin hannu cikin ladabi.

"Ga mara lahiyarka, rankai shi daɗe. Shi kaka awo tun da munka zo. Ya ji sauƙi, kana iya sallamar shi."