Yadda Za Ka Zama Alƙalin Zane Ko Da Ba Ka Iya Riƙe Fensir Ba

La'asar ce sakaliya. Hadari ya taso daga gabas ya tsaya a kan Gazara, bai zubar ba, bai kuma wuce ba. Tunda babu halin komawa gona, zauna in koya maka sana'ar da ba ta buƙatar jari, wato alƙalancin zane. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin masara ta yi goyo za a riƙa ajiye maka kujera a gaban taro. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ina tsaye kusa da abokina Muhsin ranar da ya yi wannan aiki, a wurinsa na kwashi komai.

1. Ka samo tarihi

Ba mai tambayar ka takarda. A dai ce ka taɓa zama kusa da masu abin. Muhsin ya ci rani a Samaru yana sayar da rake a gindin wata bishiya inda ɗalibai masu koyon zane ke zama. Har wata ta taɓa zana baronsa. Tun da ya dawo, duk inda aka zauna sai ka ji shi, "Lokacin da muke Samaru da 'yan zane." Shi ya sa da ƙungiyar samari ta shirya gasar zane a filin firamare, ko muhawara ba a yi ba aka ce shi ne alƙali.

2. Ka gyara shiga

Ka ari tabarau, ko na ɗan acaɓa ne. Ka karkata hula, ka goya hannuwa a baya. Kada ka yi murmushi, masani ba ya jin daɗin komai.

3. Ka san wanda zai ci kafin ka ga zanen

Wannan shi zai rage maka wahala. Muhsin yana neman auren Mukarrama, 'yar Malam Ladan. Yayanta Zulkifilu kuwa ya shiga gasar, ya zano Goje, san huɗar babansu. Ana gobe gasar ya tare Muhsin a bakin masallaci.

"Muhsin, ka san ni nake yi maka sallama da ita in ka zo zance ko?"

"Na sani, Yaya."

"To madalla. Tuna maka kawai na yi."

Ka ga an gama alƙalanci ke nan. Saura a nemo dalili.

4. Ka guji abin da kowa ya gane

A kowace gasa akwai mai ɓata wa alƙali aiki. A tamu Hafiza ce mai ɗinki. Ta zana mata suna shanyar tumatir a hanyar Ikara, har mutane na nuna su da yatsa suna kiran sunayensu. In ka iso gaban irin wannan, ka ja da baya, ka langaɓe kai, ka ce "Hmm." Ka tuna, in jama'a suka gane abu da kansu, kai kuma aikin me aka kira ka?

Muhsin ya ce, "Ya cika kama da gaske."

Hafiza ta ce, "To ba shi ne kyan ba?"

"In kama ake so, ai wayata ma ta iya."

Ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce, "Allah ya ƙara sani, mai rake."

Kada irin wannan ya dame ka. Hassada ce.

5. Ka yi dogon bayani a kan wanda ka zaɓa

Zanen Zulkifilu yana da kai irin na tunkiya, tozon ya zame ya koma wajen ƙugu, ƙafar baya ɗaya kuma ta gajarce saboda kwalin ya ƙare kafin a kai kofato. Baba Saminu, wani dattijo manomi, ya matso ya ƙura masa ido.

"Yaro, akuya ce ko jaki?"

"Baba, Goje ne, san Malam Ladan."

"To me ya sami ƙafarsa?"

A nan gwani ke nuna kansa. Muhsin ya cire tabarau ya ce, "Jama'a, mai zane na ƙwarai yana ganin abin da idonmu bai kai ba. Yaya Zulkifilu ya fito mana da ainihin san nan, abin da ke ɓoye a jikinsa."

Baba Saminu ya kama haɓa.

"Ashe! Shi ya sa kunyoyin gonata suka karkace bara."

6. Ka miƙa kyauta ka bar wurin

Muhsin ya miƙa wa Zulkifilu fitila mai caji, aka yi tafi, ya koma gida yana taku ɗai-ɗai. Ya manta farkon damina ne, lokacin da kowa ke neman shanun huɗa. Kafin a yi wani ruwan, labari ya kai har ƙauyen Taba cewa masanin da ya yi karatu a Samaru ya tabbatar san Malam Ladan gurgu ne a ɓoye. Duk waɗanda suka kama layin hayarsa suka janye. Goje na ɗaure yana cin harawa, shanun wasu na gonaki.

Da Muhsin ya je zance, Malam Ladan da kansa ya tarar a zaure.

"Kai ne likitan shanun?"

"Baba, ai a kan zane na yi magana."

"Zanen wa?"

"Na Goje, Baba."

"To." Ya naɗe tabarmarsa ya shige gida.

Mukarrama ta kira shi a waya. "Malam alƙali, Baba ya ce ka riƙa hutar da takalminka." Zulkifilu kuwa ya ce shi zane kawai ya yi, ba shi ya buɗe baki ba.

7. In ta kwaɓe, kada ka yi bayani

Muhsin ya je teburin mai shayi ya rantse cewa kwali ne ya ƙare. Baba Saminu ya ajiye kofi.

"Ranar nan ka ce yana ganin ɓoye, yau ka ce kwali. Ko Malam Ladan ya ba ka goro ne?"

Daga nan sai aka ƙara yarda gurguntar gaskiya ce, tunda har ana ƙoƙarin rufe ta.

Kada a neme ni

Duk wanda ya bi matakan nan aka naɗe masa tabarma, ko aka daina amsa sallamarsa, ni ba ruwana. Ban san shi ba, ban ba shi tabarau ba. Alkawarin kujera na yi, ban ce za ka daɗe a kanta ba. Wanda ke son sanin zanen da ya fi kyau kuma ya je wurin mai shayi, na Hafiza ne ya liƙa a bango, ba wanda ya sa shi.

Muhsin dai, ranar kasuwar Makarfi da hantsi, ya tarar da Zulkifilu zai kai Goje kiwo, ya karɓi igiyar. Ya ja san a hankali a gefen titi, ya kai ya komo a gaban masu jiran mota, babu tabarau, babu jawabi. Baba Saminu ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙafar bayan.

"Alhamdu lillahi, ya ji sauƙi. Ka ce wa Ladan jibi huɗar gonata."

Da Muhsin ya mayar da Goje gida, Malam Ladan na zaune a ƙofa yana gyaran garma. Ko kai bai ɗaga ba.

"Ka ba shi ruwa kafin ka ɗaure."

Abin da ya ce ke nan. Amma Mukarrama ce ta fito da bokitin, ta dire a gabansa ta juya ciki.