Ashoken Alhaja

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Agege, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta, 'yan unguwa ne suka ƙi ba ni haɗin kai. Shekarar da wayar salula ta shigo ce, soja ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa ya samu bakin magana. Duk layin da ka bi sai ka tarar an kafa ƙungiya, da shugaba da sakatare da anko. Mu ma matan Hausawan unguwarmu muka kafa tamu. Hajiya Gambo mai sayar da atamfa ce shugaba, ni kuma, da yake na yi sakandare a Zariya kafin aure ya kawo ni Legas, nake ganin ni ce ƙwaƙwalwar ƙungiyar. (Ba wanda ya ba ni wannan muƙamin. Ni na naɗa kaina.)

A lokacin muna haya a gidan Alhaja Sikiratu, wani dogon gida mai koren ƙofa a Layin Rijiya. Alhaja Bayarabiya ce, dattijuwa, a cikin Hausawa ta tashi, saboda haka Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. Manja da garin rogo take sayarwa a ƙofar gida. Ni ina ce mata Mama, ita kuma tana ce mini Iyawo, wato amarya, duk da cewa ina goye da ɗa na uku.

To, sai ƙungiya ta yanke shawarar yin taron karrama matan da suka yi wa unguwa hidima. Wani ƙaramin kwamiti aka ba aikin zaɓen sunaye, kuma ba a sa ni a ciki ba. Da farko abin ya yi mini ciwo, daga baya na gano dalili da kaina: ai ba a sa mutum a kwamitin da zai zaɓe shi.

Ana saura 'yan kwanaki, Hajiya Gambo ta tafi Kano biki. Daga can ta kira wayar maigidana, wanda ke sayar da kayan wuta a kasuwar Alaba, kuma shi ne na farko da ya riƙe salula a layinmu. Wayar nan ba ta samun sabis sai an hau kan matakalar bene an karkata kai wajen titin jirgi. Haka na hau, na karkata, na ji muryar Hajiya tana zuwa tana yankewa.

"Maman Ummi... cikin waɗanda za mu karrama... gidanku... ke ce za ki hau... ki tabbata kin zo da Alhaja... kada ki gaya mata komai..."

Sai layi ya mutu. Mai hankali zai sake kira. Ni kuwa na ji duk abin da nake son ji, sauran na cike da kaina. Na sauko daga matakalar nan a hankali kamar wadda aka riga aka ɗauka hoto.

"Ni za a karrama," na ce wa Baban Ummi.

Ya ɗago daga kwanon tuwo ya dube ni. "Ke? Masha Allahu. A kan me?"

Tambayar ta ba ni haushi, amma ina da amsa. Na koya wa matan layi karatun boko ranakun Asabar, har sai da damina ta watsa ajin. Kuma ranar da muka je wajen sabon kansila a kan maganar kwalbatin da ke cika mana gidaje da ruwa, ni na yi turancin. (Kwalbatin dai har yau yana nan yadda yake, amma turancin ya fita.) Baban Ummi ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "To, Allah Ya sanya alheri," ya ci gaba da cin tuwonsa. Na ɗauka hassada ce irin ta maza.

Maganar kada in gaya wa Alhaja kuwa, na fassara ta da cewa Hajiya na so abin ya zo mata ba zato, ta ga 'yar hayarta a kan dandamali. Sirrin bai kwana biyu a cikina ba. Na same ta tana auna manja na rattaba mata.

Ta ajiye ludayi ta rungume ni, har da taka rawa. "Iyawona! Oluwa seun, Allah mun gode! Me za ki sa?"

Na ce ina da wani leshi.

"Wane leshi? Wancan da kika je suna da shi? Ba za ki ba ni kunya ba."

Ta ja ni ɗakinta ta buɗe akwatin ƙarfe. Ta fito da ashoke, wato saƙin Yarabawa da ake ɗaura gwaggwaro da shi, ruwan zuma, wanda ta ce tun bikin babbar 'yarta ba ta sake taɓa shi ba, da leshin da ya dace da shi, da sarƙar zinariya da ta sayo a Makka. Wanda ya san matan Yarabawa ya san abin da wannan ke nufi. Suna iya ba ka abinci, su ba ka ɗaki, amma kayan fita kunya sai wanda suka ɗauka ɗa. Na yi 'yar kara ta fatar baki, na karɓa.

Ranar taro da safe ita da kanta ta ɗaura mini gwaggwaron, tana ja tana tamkewa har kunnuwana suka toshe. Da ta gama sai da na sunkuya kafin in fita ƙofar ɗaki. Ita kuwa ta sa wata tsohuwar atamfa da ɗan kallabi.

"Mama, haka za ki tafi?"

"Yau ranarki ce. Ni 'yar rakiya ce, wa zai kalle ni?"

Na ce haka ne. Sannan na miƙa mata jakata, na kwance Sadiku daga bayana na ba ta ta goya, don kada ya ɓata mini leshi. (Leshinta.)

A filin wata makarantar firamare aka yi taron. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, janareto na ta ƙugi a bayan dandamali. Malamai sun zo, da wakilin Sarkin Hausawa, da matar kansila wadda za ta miƙa kyaututtuka. Maza a gefe guda, Baban Ummi a cikinsu. Na wuce kai tsaye na zauna a sahun gaba. Alhaja ta ce za ta tsaya can baya inda iska take saboda yaron, na ce ta kyauta. Hajiya Gambo, wadda ta sauka daga Kano daren jiya, tana ta kai da kawowa. Ta hango ni daga nesa, ta dubi gwaggwarona ta ɗan tsaya, sannan ta ɗaga murya, "Kin zo da ita?" Na ɗaga mata hannu alamar e. Ta yi murmushi ta wuce.

Aka fara. Aka kira Inna Larai, wadda duk macen da ta rasu a unguwa ita ke yi mata wanka, ba ta taɓa karɓar ko goro ba. Aka kira Mama Rahila, wata nas 'yar Filato da ke karɓar haihuwa a gidajenmu ko wane lokaci aka buga mata ƙofa. Ina tafi, ina kuma bitar jawabina a zuci. Gaskiya na ɗan lura cewa hidimarsu ta fi tawa nauyi, amma na ce ai ilimi ma ba abin wasa ba ne.

Sai mai gabatarwa ya ce, "Yanzu kuma mun zo kan wata baiwar Allah daga Layin Rijiya, gida mai koren ƙofa..."

Na miƙe.

Hajiya Gambo ta gyaɗa mini kai. Ita a ganinta na tashi ne in je in taho da Alhaja. Ni a ganina ta ce bismilla. Maimakon in yi baya sai na yi gaba, ina taku ɗai-ɗai saboda gwaggwaro. Mai gabatarwa na ci gaba da karatu, amma ga ƙarar janareto, ga kunnuwa a ɗaure, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na hau dandamali. Matar kansila, wadda ba ta san kowa a cikinmu ba, ta ga mace ta sha ado ta nufo ta, sai ta miƙo mini allon yabon da hannu biyu. Mai hoto ya haska mu. Daga can baya na jiyo muryar Alhaja, "Iyawona ke nan! Iyawona!"

Na karɓe abin magana daga hannun mai gabatarwa tun bai gama ba.

"Assalamu alaikum," na ce. "Wallahi ban taɓa zaton ɗan abin da nake yi domin Allah, akwai masu lura da shi ba..."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka jawabin ne ya ratsa su. Na ƙara da cewa hidimar al'umma sai da haƙuri da sadaukarwa. Ina shirin shiga maganar kwalbati sai na ji an ja mini zani. Hajiya Gambo ce. Ta matso da bakinta kusa da kunnena, wato kusa da abin maganar da ke hannuna, ta yi raɗa, lasifika kuma ta kai raɗar har bakin titi:

"Maman Ummi, me kike yi? Ina Alhajar? Cewa na yi ki hau da ita!"

Na dubi allon da ke hannuna. An rubuta sunan da manyan haruffan da ko ɗaliban ajina na Asabar za su iya karantawa: Alhaja Sikiratu.

Ba a yi dariya nan take ba, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Mai gabatarwa ya zare abin maganar daga hannuna a hankali, ya yi gyaran murya, ya ce bari ya maimaita domin waɗanda ba su ji ba. Wannan karon na ji. Ya ce wannan ita ce matar da, lokacin rikicin da aka yi tsakanin Hausawa da Yarabawa, ta buɗe gidanta ta tara matan layi da 'ya'yansu, ta kulle ƙofa, ta ɗauko kujera ta zauna a waje. Da samari suka zo da adduna suna tambayar ko akwai Hausawa a ciki, ta ce musu duk wanda ke gidan nan ita ta haife shi, wanda ke son shiga ya fara da ita.

Ba labari aka ba ni ba. Ina cikin ɗakin ranar. Ni ce wadda ta shige bayan buhunan garin rogo tana kuka, har Alhaja ta leƙo ta taga ta ce in rufe baki ina tsorata yara.

Daga dandamali zuwa sahun baya ba wata tafiya ba ce, amma ban taɓa yin doguwa kamarta ba. Na sauka da allon a hannu, don ban san inda zan ajiye shi ba, na ratsa tsakanin kujeru, gwaggwaro na gaba ina biye. Ban kalli ɓangaren maza ba. Na tarar da Alhaja tana jijjiga Sadiku, jakata a hammatarta. Ita ma ba ta ji komai ba saboda ihun da yaron ke yi mata a kunne, tafi kawai take yi.

"Har kin gama? Ai ban ji jawabin ba."

"Mama," na ce, "naki ne."

"Mene ne nawa?"

"Duka. Ke ake kira."

Ta dube ni, ta dubi allon, ta dubi jama'ar da duk suka juyo suna kallonta. Sannan ta dubi jikinta.

"Ni? Da wannan zanin?"

Haka ta hau, da tsohuwar atamfa da goyon ɗana, ni ina biye da ita riƙe da jakar da na tuna in karɓa a makare. Hajiya Gambo ta ce duk matar da ta fake a gidan Alhaja ranar nan ta tashi tsaye. Mata suka yi ta tashi, nan da can, wasu na share hawaye da gefen mayafi. Ni ban sha wahalar tashi ba, da ma a tsaye nake. Aka ba Alhaja abin magana. Ta ce ita ba ta yi komai ba, maƙwabta ne, kuma kujerar ma da ma a waje take zama. Sai ta juyo ta nuna ni.

"Amma ku dubi iyawona da kyau. Daga sama har ƙasa kayana ne. Na faɗa ne don kada ku ce Alhaja ba ta da kayan sawa."

A nan ne dariyar da aka riƙe ta ɓalle, har wakilin Sarki sai da ya rufe baki da hannun riga.

A hanyar komawa gida Baban Ummi ya bari sai da muka kai bakin layi. Sannan ya ce, "Jawabin ya fara kyau." Alhaja kuwa ba ta taɓa tayar mini da maganar da ɓacin rai ba har muka bar gidanta, sai dai duk baƙon da ya zo sai ta kira ni in gaishe shi, ta ce ga wakiliyarta. Matan layi suka raɗa mini Mai Jawabi, sunan da ya bi ni har 'ya'yana suka girma suna zaton wani muƙami ne.

Tun daga ranar, in ana yabon wani a wajen taro, ko da an faɗi layinmu da launin ƙofarmu, ba na motsi. Sai an kira sunana da na mahaifina. Ko an kira ma, nakan waiwaya dama da hagu tukuna, ko akwai wata mai irin sunan da ta fi ni cancanta. Galibi kuwa akwai.