Kashin Gafiya a Kifin Hajiya

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da walimar 'yar shugabarmu ta wajen aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a lokacin ina ji da kaina a kan tsafta kamar ni na ƙirƙiro sabulu. Ina kuma neman shugabar tamu ta mayar da ni aikin safe, shi ya sa na ci kwalliya tun daga Gyadi-Gyadi na nufi gidanta a Tarauni.

Aka zaunar da ni kusa da wata dattijuwa mai farin gilashi, aka kawo mana gasasshen kifi. Ina dubawa sai na ga wasu 'yan ƙwallaye kore-kore masu duhu an barbaɗa a kai. Na taɓe baki, na ture farantin da ɗan yatsa.

"Hajiya, kar ki ci," na ce (da muryar da nake yi wa majinyata faɗa, wadda ake ji har bakin ƙofa). "Wallahi kashin gafiya ne. Masu girkin zamanin nan ƙazamai ne, sai iyayi."

Ban tsaya nan ba. Na kawo mata sunayen cututtuka, na ce wadda ta dafa wannan kamata ya yi a rufe mata kicin. Matan teburin duk suka ajiye cokali.

Dattijuwar ta ɗauki ƙwallo ɗaya ta jefa a baki, ta tauna a hankali tana kallona.

"'Yar nan, fure ne," ta ce. "Larabawa na ce masa kabbar. Tun yana dunƙule bai buɗe ba ake tsinke shi, a jiƙa da gishiri da wani ruwan tsami da ake kira khal, don ya kashe ƙarnin kifi. In aka bar shi a jikin itacen, farin fure yake yi, da dogayen zaruruwa masu ruwan hoda a tsakiya, su ke jawo ƙudan zuma. Daga Misira na taho da shi a jakata."

Na ce, "Au, ke kika kawo wa mai girkin?"

"Ni ce mai girkin."

Sai ga shugabarmu ta iso ta dafa kafaɗarta. "Yaya, kin ga ma'aikaciyar tawa da nake ba ki labari?"

"Na gan ta," in ji Hajiya. "Yanzu ta rufe mini kicin."

Don neman gyara, na ɗebi ƙwallayen cokali guda na cusa a baki. Gishiri da tsami suka shaƙe ni, na dinga tari har ɗankwalina ya zame. Hajiya da kanta ta miƙo mini ruwa, ta ce in sha a hankali, shi ma ita ta tace.

Yanzu duk abin da ban sani ba a faranti, sai na fara tambayar wacece a gefena kafin in buɗe baki.