Sarkin Ruwa Mai Giɓi

Ni mutumin Yawuri ne, jikan masunta. Da Yaya Sabo, yayan matata, ya zo mana garin Landover na Amurka daga Kano, na ƙudura sai ya ga inda na fi shi. Dama shi ne mai cewa ƙanwarsa ta ƙare a hannun direban tasi.

Na kai shi da matata kasuwar kifi ta bakin kogi a Washington. Gaskiya mutanen nan sun iya dafa kaguwa. Aka juye mana ita a kan takarda, ja wur, tana tururi. Ƙamshin yajin kaɗai ya isa mutum ya yafe wa Amurka sanyinta. Aka ba kowa 'yar gudumar katako ta fasa ɓawo.

Na ture tawa gefe. Na taɓa cin wata mai laushin ɓawo da ake soyawa a cinye duka, na ɗauka duk haka suke.

Na ce, "Yaya, guduma ta 'yan birni ce. Mu da haƙori muke yi."

Na gartsa wa kaguwar cizo. Wani abu ya ce ƙas, kuma ba kaguwar ba ce.

Matata ta kifa kai tana dariya. Yaya Sabo ya fasa tasa a natse, ya tsotse tas, ya ce, "Sannu, Sarkin Ruwa. A dama maka kunu?"

Har yau in na shiga taron suna, sai wani ya ce, "A ɓoye ƙasusuwa, Sarkin Ruwa ya iso!" In na buɗe baki, giɓin ne ke ba su amsa.