Rigar Nonon Mikaila

"Lafiya lau, maigida. Ina gajiyar ɗaga siminti?"

Kaka Damata ke nan, shigowarta daga kasuwar Bawku, tana amsa gaisuwar jikanta Mikaila. Wata huɗu ke nan yana haɗiyar wasu ƙwayoyin ƙara ƙwanji da ya sayo a bakin iyakar Togo, yana ɗaga gwangwanayen siminti a bayan gida. Rubutun kwalin Faransanci ne, kaf gidan babu mai karanta shi. Mikaila ya kumbura kam, ba ƙarya.

"Amarya, taɓa nan ki ji. Buhu biyu nake ɗauka yanzu."

"Na gani. Shi ya sa na yo maka tsaraba."

Ta kwance ƙullinta, ta zaro rigar nono ta gwanjo, ja wur, ta miƙa masa ko murmushi babu.

"Wannan fa?"

"Taka ce. Na auna ka da ido ranar da kake alwala ba riga. Mai sayarwa har ta yi mini barka, wai 'yata ta haihu."

"Ƙirji ne, tsohuwa! Ƙirjin maza!"

"Ƙirjin maza ba ya rawa in ana gudu."

"Hassada ce. Naki sun yi ritaya tun zamanin sule da kwabo."

"Nawa sun shayar da takwas, har da ubanka. Naka wa za su shayar? Ga ƙuraje a baya kamar an watsa maka dawa."

"Mai maganin ya rantse ba shi da illa."

"Shi yana sha?"

Mikaila ya tuna mai maganin. Mutumin siriri ne kamar kara.

"Matso nan." Ta ja fatar idonsa ƙasa, farin ya koma ruwan ɗorawa. "Haka na Karimu ya fara, abokin ɗaga simintinka. Jiya na duba shi a asibiti, ciki ya kumbura, likita ya ce hanta ce."

Har yanzu ba ta canja murya ba, amma ta ƙi sakin fuskarsa. Tsoro ne ya kama ta, Mikaila kuwa ya gani.

"Kai na ajiye ka yi mini wasan jika ranar da na mutu. Ka ɗaura zanena, ka kwaikwayi tafiyata, masu kuka su yi dariya. In ka riga ni, wa zai yi?"

Mikaila ya laluba aljihu. Ya ɗora mata kwalin ƙwayoyin a tafin hannu.

"Karɓi. Gobe ki raka ni asibiti. Amma ki sani, tafiyar nan taki sai na ƙara mata ɗingishi."

Sai a lokacin ta yi dariya.

"Ƙara, ɗan banza. Kai dai ka kai ranar."