Saura Minti Biyu Tun Safe

"Lafiya dai, amarya? Ya na ga an tarbi ango ba ko murmushi?"

"Amaryar wa? Mijin da ko allura bai taɓa sayo min ba. Shigo ka turo ƙofa."

Sarkin Yawo, jikanta na fari, wanda aikinsa manna gilashi a fuskar wayoyin mutane a bakin kasuwa amma yake kiran kansa injiniya, ya cire takalmi ya shiga ɗakin Kaka. Tana zaune a bakin gado, tabarau a karan hanci. A gabanta an kife wani kwano a ƙasa, an danne shi da dutsen guga. Wani abu yana ta tsuwa a ciki.

"Ɓera kika kama?"

"Wayata ce."

"Me ta yi aka ɗaure ta ba shari'a?"

"Wani baƙo ne ya faɗo ciki, jajir da shi. Wai wayar ta tsufa, in danna koren maɓalli a sabunta ta, in ba haka ba nan da minti biyu komai zai goge." Ta ɗan sassauta murya. "Kuma ka san muryar kakanka na ciki."

Muryar marigayin guda ɗaya ce tal ta rage a duniya, ita Kaka take saurare kullum da safe. Sarkin Yawo ya ɗaga kwanon. Ga jan allo, ga agogo yana ƙirga daƙiƙa.

"Kin danna?"

"In na danna zan kira ka ne, sarkin basira?"

"Yaushe ya ce minti biyun?"

"Tun safe. In ya ƙirga ya ƙare sai ya koma farko."

"To ai maƙaryaci ne, Kaka."

"Na gane jininku ne. 'Kaka, ina zuwa yanzu.' Bokitin da ka karɓa za ka liƙe min yau shekararsa biyu."

"Bokitin yana jinya. Tsaya, ta ina ma wannan ya shigo?" Ya ɗan latsa nan da can, ya riƙe baki. "Shafi goma sha tara kika ba izinin turo miki saƙo. Wannan waya ce ko tashar mota?"

"Sallama suke yi, su ce a ba su izini. Ni ba a haife ni a gidan da ake korar baƙo ba."

"Har mai maganin sanƙo?"

"Wannan kai na ajiye wa. Dubi goshinka, ya fara cin iyaka."

"Har mai cewa kin ci mota?"

"A'a, a nan kai ne malamina. Wa ya danna 'ka ci mota' bara, ya kwana uku yana koyon tuƙi da murfin tukunyata, ƙarshe waya ta mutu murus?"

"Wannan bincike nake yi."

"Binciken da ya sa ka kuka a bayan ƙofa."

Ta miƙo yatsa za ta taɓa ɗan gicciyen da ke kusurwar jan allon, ya yi wuf ya janye wayar.

"Kar ki taɓa. Har wannan ƙofar tasa ta ƙarya ce. Irinsu ba a gardama da su, shafin gaba ɗaya ake rufewa." Ya share shi da yatsa, jan ya ɓace. Ya shiga saiti yana korar baƙin ɗaya bayan ɗaya. "Mai sabunta waya na gaskiya a nan cikin saiti yake zaune, ba ya ihu, ba ya riƙe agogo. Duk wanda ya faɗo ba ki kira shi ba, yana tsorata ki, yana cewa yanzu-yanzu, ɓarawo ne."

"Surutu ya isa. Kunna min."

Ya laluba, ya danna. Muryar tsohon ta cika ɗakin: "Kai, ɗan banzan yaron nan, ina ka kai min lemata?"

Kaka ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Ka ji, ko a kabari bai manta da kai ba."

"Lemar tana tare da bokitin. To amarya, a sallami injiniya. Yunwa nake ji, in ban ci ba nan da minti biyu zan faɗi."

Ta mayar da tabarau, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka faɗo tsakar rana. Kana tsorata ni. Kana cewa yanzu-yanzu."

"Ai ke kika kira ni."

"Ba a gardama da irinku."

Ta tura shi waje ta rufe ƙofa. Yana tsaye da takalmi a hannu yana jin dariyarta, sai ƙofar ta ɗan buɗe, faranti ya leƙo da cinyar kaza a kai.

"Ungo. Wannan baƙon na ba shi izini tun ranar da aka haife shi, na rasa inda ake cirewa."