Rasuwar Bidiyon Baba Mai Zarto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya ƙi bushewa, iyalan Baba Mai Zarto na sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar tsohon bidiyonsu mai cin kaset, wanda ya cika ranar Asabar da hantsi a kan teburinsa na falo, bayan ya sha fama da jinya. Ya rasu a bakin aiki, da kaset a cikinsa.

Marigayin ya shigo gidan nan tun Baba yana da sauran baƙin gashi, yana aiki a injin tsaga katako. Injin nan ne ya cinye kunnuwan Baba, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta kai sai an dafa kafaɗarsa yake sanin da shi ake. Mutanen gida suka gaji da ɗaga murya, kowa ya koma yi masa nuni da hannu ya wuce abinsa. Marigayi ne kaɗai bai canja masa fuska ba.

An shaide shi da haƙuri da sanin ya kamata. In an miƙa masa kaset sai ya karɓa da ladabi, ya ce "ƙwas", ya ɗan yi "ƙirrr" kamar dattijo na gyaran murya, sannan ya fara. Baba ya daɗe da daina jin wannan gaisuwa, amma yakan ɗora tafin hannu a bayansa ya ji motsinta. Bai taɓa neman data ba. Bai taɓa tsayawa tsakiyar labari ya tallata wa mutane sabulu ba.

Babban abin da za a riƙa tuna shi da shi shi ne katun ɗin nan na dogon mai shara da akuyar da ke cinye masa tsintsiya. Da hannu aka zana su, har kana ganin inda layi ya karkace. Daga farko har ƙarshe ba mai cewa uffan. Mai shara ya ɓoye tsintsiya a saman bango, akuya ta hau bokiti, bokiti ya kife a kan mai shara, shi ke nan. Gobe a sake sabon lale, ba wanda ya yi hankali, ba wanda ya riƙe wani a zuci. Irin wannan labari, kurma da mai ji lokaci ɗaya dariyarsu ke tashi.

Da wannan marigayi ya haɗa Baba da jikarsa, wadda yake kira Mai Giɓi ko da yake haƙoran sun daɗe da fitowa. Duk Asabar uwarta kan kawo ta. Ta haye hannun kujerarsa, ta san kaset ɗin kamar yunwar cikinta, tun bokiti bai faɗo ba take dukan gwiwar kakanta. Shi kuwa ya yi kamar bai taɓa gani ba, ya kama baki, ta ƙyalƙyale har ta zamo ƙasa. A duk mako, wannan ce hirar da Baba ke yi da wani ɗan Adam ba tare da an ce masa ya bari kawai ba.

Iyali ba sa ɓoye cewa marigayi ya ga takaici kafin ya tafi. An girke siririn talabijin a bangon da ke fuskantarsa, aka kuma saya wa Mai Giɓi waya. Katun ɗin yanzu suka shigo gida, sumul-sumul kamar kayan roba, idanu ƙwala-ƙwala, hoto na canjawa kafin ka ƙifta. A faɗi gaskiya komai ɗacinta, ba su da laifi. Ba a kifa wa kowa bokiti. In an ɓata sai a zauna a tattauna, a nemi gafara, labari kuma ya ɗora daga inda ya tsaya jiya, wanda bai ga jiya ba ya yi ta kansa. Har akwai wata yarinya a ciki mai kitso irin na Mai Giɓi, abin da marigayi bai taɓa nuna mata ba. Amma surutu, wayyo surutu! Baki ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, Baba na zaune kamar baƙo a gidansa. Ran nan ya ga hawaye a fuskar jikarsa, bai san wa ya mutu ba. Yarinyar ta yi ƙoƙari, ta kafa baki a kunnensa tana bayani, shi kuma ya gyaɗa kai inda bai kamata ba. Can ta gaji, ta kaɗa masa hannu, irin kaɗawar nan ta manyan gida. Abin ya soki Baba ƙwarai, don bai san ta koya ba.

Ciwon ajali ya fara da rawar hoto, sai layi-layi, sai marigayi ya shiga tauna zaren kaset. An kai shi wurin mai gyara, ya buɗe, ya hura, ya girgiza kai, ya ce kayan irinsa ko a kasuwar tsofaffin kaya sun ƙare, a mai da shi gida a ci gaba da lallaɓawa. Asabar ɗin ƙarshe Mai Giɓi ta zo da wayarta, ta zauna can gefe. Baba ya sa kaset. Da akuya ta hau bokiti, yarinyar ta ɗago kai, ta ajiye wayar, ta taso, hannunta ya kusa gwiwarsa. Sai marigayi ya ce "ƙarrr… ƙit". Fuskar talabijin ta koma shuɗiya, bokitin bai faɗo ba. Ta ɗan jira, sannan ta koma wurin zamanta.

Ya rasu ya bar kwali guda na kaset, yanzu marayu, da rimot ɗinsa da aka ɗaure da roba, da igiyar haɗi mai baki uku, da amininsa tsohon talabijin mai tozo. Ya kuma bar Baba, wanda tun ranar yake tashi ya dafa bayan marigayi, ya ji sanyi, ya koma ya zauna.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya da su daina cewa ai duk waɗannan akwai su a waya. An gwada. Fuskar waya ba ta ɗaukar kai biyu, kuma da akuya ta gama sai wayar ta jawo wani sabo mai surutu, yarinya ta bi shi.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da hantsi, daga falo zuwa baron mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda ya riga ya zo ya ɗaga ta ya ji nauyi. Ba za a ciro kaset ɗin ba, tare za su tafi. Sai dai Baba ya kafa sharaɗi: ba mai taɓa marigayi sai Mai Giɓi ta iso. Uwarta ta aiko cewa wannan Asabar da wuya, yarinyar ta ce a gida za ta zauna, akwai ci gaban labarin da take bi. Idan haka ta kasance, an ɗage jana'iza zuwa Asabar ta sama. Idan nan ma ba ta zo ba, zuwa ta bayanta. Baba ya ce a shaida wa mai baro ya yi haƙuri, gawar ba ta wari, shi kuma ba inda za shi.